Takardar da Fintan Ya Sa wa Hannu

Kilbrack, Clare, Ireland
12 ga Fabrairu, 1944

Ƙanena Fintan,

Ina gaishe ka, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, in har ta same ka. Mu nan da sauƙi. Tarin Baba ya dawo tun Kirsimeti, amma kullum sai ya fita duba shanu. In na hana shi ya ce ɗansa ne likita, ba 'yarsa ba. Ruwan sama bai ɗauke ba tun shigowar shekara, turf ɗin da muka yanka, baƙar ƙasar fadamar nan da muke hura wuta da ita, ya ƙi bushewa, murhu sai hayaƙi. Ɗan ganyen shayin da ake ba mu yanzu sau uku nake dafa shi kafin in zubar, na ukun Baba yana kiransa ruwan wankin kofi.

Mutanen gari har yau ba sa kiran sunanka. In an fito daga coci sai su ce, "Yaya na wajen?" kamar kana gidan yari. Na gaji da gaya musu cewa shekara guda ka yi kana neman gurbin likita a ƙasar nan ba ka samu ba, kafin ka sa kakin sojan Ingila, ƙasar da har yau ba su yafe wa mulkin da ta yi mana ba.

Ba wannan ya zaunar da ni ba. Inna Delia ce. Wani soja ɗan Limerick ya rubuto wa matarsa cewa ɗanta Packie yana kwance a asibitin soja da zazzaɓin cizon sauro, karo na uku ke nan, ya rame har da igiya yake ɗaure wando. Magana ta bi baki har ta iske Inna a kasuwar Ennis. Ka san ɗanta, shekara huɗu da shiga soja wasiƙa biyu ya taɓa aikowa, kowacce layi uku. Na je makaranta na duba sunan garin a taswira, na ga bai fi faɗin yatsa ba daga inda nake zaton kake.

Tun ranar kullum tana gidan nan. Jiya ta ce, "Nonie, da uwarku ta mutu, wa ya ɗauki ƙanenki yana shekara huɗu? Ni ƙanwarta ce, ban jira an roƙe ni ba. Gado ɗaya suka kwana shi da Packie har suka yi gemu. An ce sa hannun likita ɗaya ya isa a sallamo mutum gida. To, ga likita a gidanmu."

Na ce, "Inna, Indiya fa ba Clare ba ce, kuma yana da na gaba da shi."

Ta ce, "Ke dai rubuta."

Ga shi na rubuta. In akwai abin da za ka iya, ka yi. Na saƙa maka safa biyu, ban sani ba ko ana sa safa a wannan zafin.

Yayarka,
Nonie


Wani wuri a gabashin Indiya
21 ga Maris, 1944

Yaya Nonie,

Takardarki ta iso, safa ma sun iso, kuma ana sa su. Ki gaishe da Baba, ki ce likitan ya ce ya bar wa Hehir maƙwabci duba shanun safe har sanyi ya wuce. Na san ba zai ji ba. Ni ina nan ƙalau in ban da ciki da ba ya riƙe komai. Ƙwayar maganin zazzaɓin sauron da muke haɗiya kullum ta mai da mu duka rawaya kamar man shanun watan Mayu, da kin gan ni da kin yi dariya.

Asibitinmu rumfunan gora ne da tamfol. Gado ɗari huɗu, majinyata ɗari bakwai, likitoci mu uku. Harsashi bai kawo mana rabin abin da sauro da zawo suke kawowa ba. A Faransa, farkon yaƙi, na ɗauka na ga iyakar gajiya. Ashe ban ga komai ba. Can ko ba komai in mutum ya bar hannuna ba na sake ganinsa. Nan kuwa fuskokin nan dai ne, in warkar da su, su tafi, su dawo sun fi da lalacewa.

Packie ban neme shi ba, shi ya same ni, tun kafin wasiƙarki ta zo. Ina zagayen safe sai na ji murya daga gadon ƙarshe, "Kai, Fintan Mulqueen, har yanzu tafiyar agwagwar nan kake yi?" Sajan da ke biye da ni ya kusa shiɗewa. Na ce, "Packie, a nan Kyaftin nake." Ya ce, "Na gani, Yallaɓai. Kunnuwan dai ba su ragu ba." Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Mako uku ya yi a wurina. Hirarsa duk ta katangar dutsen da ya bari rabi a bayan gidan Inna ce, wai kada a bar kowa ya taɓa ta, za su ɓata masa layi.

Zazzaɓin ya sauka. Na duba shi da kaina, na sa hannu a takardarsa, . . . . . . . . . . . . . . . . . . Ya bar nan ranar Talata da ƙafarsa. Ki gaya wa Inna ya ci abinci sosai kafin ya tafi, ki ce ina gaishe ta.

Motoci sun shigo da sababbi, dole in tsaya nan. Ana raɗe-raɗin za a yi wuya kwanan nan. In kin ji ni shiru kada ki damu.

Ƙanenki,
Fintan


Kilbrack
6 ga Mayu, 1944

Fintan ɗan albarka,

Muna lafiya, tarin Baba ya lafa, saniyar nan mai baƙin kunne ta haifi mace. Amma bari in bar shanu.

Allah ya saka maka. Wasiƙarka ta zo ranar Laraba, mai tace wasiƙu ya datse layi guda da almakashi, amma ya bar mana abin da muke so. Ko gyale ban ɗauka ba na ruga gidan Inna. Sau uku ta sa na karanta mata wurin da ka ce ka sa hannu. Ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da atamfar aikinta, ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Na san yaron da na raina."

Ka zo ka ga gidan yanzu. Ta shafe shi da farar ƙasa ciki da waje, ta fitar da katifar Packie ta sha iska, ta ware dinya guda tana yi mata kiwo na musamman. Motar Ennis yanzu sau ɗaya take zuwa a mako saboda ƙarancin mai, ranar Juma'a. Jiya Inna ta sa baƙar rigarta ta coci ta je mararraba ta tsaya. Na ce mata jirgin ruwa daga Indiya sai ya yi wata biyu ko fi. Ta ce tsayuwa ba ta kashe kowa ba.

Gari duk ya ji. Fada, limamin cocinmu, ya tare Baba a ƙofar coci ya yi masa barka. Baba kuwa, mutumin da shekara shida bai ambaci aikinka a gaban mutane ba, an ce ya tsaya a kantin gari yana cewa "ɗana likita" har sau huɗu.

Ni ma in faɗa maka gaskiya, na yi maka mummunan zato. Na ɗauka za ka rubuto mana dogon bayanin doka. Ka yafe mini.

Wane jirgi aka sa shi? Ta Liverpool zai biyo? Ka rubuto mu sani.

Nonie


Kilbrack
30 ga Yuli, 1944

Fintan,

Muna nan. Baba lafiya. An kwashe ciyawa, rabi ta jiƙe.

Wata huɗu ke nan babu layi ɗaya daga gare ka, babu Packie. Jarida ta ce an yi wa wani gari ƙawanya a wajenku, an ce kuma an buɗe hanya tun watan jiya. In kana raye ka rubuto.

Inna ba ta fasa zuwa mararraba ba. Direban motar yanzu tun daga nesa yake girgiza mata kai don kada ta wahala da leƙa taga. Ta rame. Ta fara cewa ko jirgin aka nutsar, ta sa an yi masa addu'a a coci. Matan gari sun daina tambayarta, wannan ya fi tambayar ciwo.

Ranar Lahadi na ɗauko wasiƙarka na sake karantawa ni kaɗai, a hankali, yadda Malama take sa mu yi a aji. Ka ce ka duba shi. Ka ce ka sa hannu. Ka ce ya bar nan da ƙafarsa. Na bi ta daga sama har ƙasa ina neman kalmar gida, ban gan ta ba. Ni na sa ta da bakina.

Fintan, me aka rubuta a takardar da ka sa wa hannu? Ina ya tafi ranar Talatar nan? Kada ka yi mini maganar likitoci. Ka faɗa mini yadda za ka faɗa wa yayarka.

Nonie


Gabashin Indiya
10 ga Satumba, 1944

Yaya Nonie,

Ina raye. Ina fata ke da Baba kuna lafiya. Wata uku muka yi a rufe, abinci da magani daga sama ake jefo mana, buhunan wasiƙu kuwa suka taru a wani wuri. Naki biyu rana ɗaya aka miƙo mini su. Na fara da ta watan Mayu. Da na kai wurin farar ƙasa da dinya sai na ajiye ta na fita bayan rumfa.

Packie yana raye. Ki fara riƙe wannan. Sauran ga shi.

Ba gida na tura shi ba. Bakin daga na mayar da shi. Layin da aka datse sunan tudun da rundunarsa take ne. Na san za a datse shi, shi ya sa na sa maganar a wannan layin. Na so a ce na faɗa, ba tare da kin ji ba.

Ranar Litinin ɗin da safe Kanar ɗinmu ya shigo ya ce Japanawa sun haye kogi, duk wanda ya kwana uku ba zazzaɓi kuma zai iya riƙe bindiga a sallame shi. Mutum sittin da uku suka yi layi a gaban teburina. Packie ne na arba'in da biyu, kwanansa huɗu ba zazzaɓi. Ya tuɓe riga, daga bakin ƙofa za ki ƙirga haƙarƙarinsa. Na danna cikinsa na ji saifarsa ta kumbura. Da na rubuta wannan kaɗai, da an tura shi baya, wataƙila har gida, kuma babu mai tuhumata.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Fintan, ba roƙonka zan yi ba. Tsohuwa kawai nake tunani."

Na ce, "Ja numfashi."

Ya ja.

Na ce, "Sa rigarka."

Na rubuta cewa ya isa aiki. Ya karɓi takardar ya duba, ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Na gode, Yallaɓai." Karo na farko ke nan da ya kira ni haka ba da tsokana ba.

Na gaya wa kaina cewa mutum arba'in da ɗaya sun wuce kafin shi, wasu sun fi shi lalacewa, su ma da uwayensu a Punjab da Yorkshire, ɗan'uwa likita ne kawai ba su da shi. Wannan gaskiya ne, har gobe ban san amsarsa ba. Amma akwai wata gaskiyar. Na gaji, Kanar yana tsaye a bayana, hannuna kuma ya saba da rubuta kalma ɗaya tun safe. Ban san wacce daga cikin biyun ta riƙe alƙalamin ba.

Ƙarshen watan Mayu aka dawo mini da shi. Bam ya farfasa masa ƙafar hagu, kwana biyu ana saukowa da shi daga tudu a bayan alfadari. Tun kafin a buɗe bargon na ji warin, ta riga ta fara ruɓa. Abokin aikina ya ce in fita shi ya yi. Na ce a'a. Ni na yanke ta, sama da gwiwa, kuma na yi aikin da kyau, iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon inda bargon ya kwanta. Sannan ya dube ni ya ce, "To, Likita, yanzu na isa zuwa gida?"

Na ce ya isa. Na sa hannu.

Jirgin sama ya fitar da shi. Yana asibiti a Poona, daga nan Ingila, sai su gama da shi kafin ya iso ku, wataƙila bayan sabuwar shekara. Ya hana a rubuto wa Inna, ya ce shi zai rubuta, kin kuwa san shi.

An ƙara mini girma, yanzu Manjo ne. An ce asibitinmu ya fi kowanne mayar da mutane bakin aiki.

Ban san yadda za ki gaya mata ba. Na bar miki aikin da ya kamata in yi da kaina tun watan Maris.

Fintan


Kilbrack
5 ga Nuwamba, 1944

Fintan,

Lafiya muke. Na gode wa Allah da kana raye, na faɗa tun yanzu don kada in manta kafin in kai ƙarshe.

Kwana uku wasiƙarka ta yi a aljihuna. Ranar Alhamis na ga gobe Juma'a ce, za ta sake sa baƙar rigar nan, sai na tafi. Na same ta tana kaɗa nono. Ban rage komai ba, na karanta mata duka, har wurin Kanar. Ba ta daina kaɗawa ba.

Ta ce, "Wace ƙafa?"

Na ce ta hagu.

"Wa ya yanke?"

Na ce kai.

"Shi ya mayar da shi, shi ya yanke."

Na ce haka ne.

Ta ci gaba har man ya taso, ta kwashe shi ta wanke ta sa gishiri. Sannan ta miƙa hannu kan kabad ta sauko da hotonka na ranar gama karatu, ta goge shi da gefen riga, ta ba ni. Ta ce, "Kai wa ubansa, ya fi ni wurin ajiyewa." Ba ta yi kuka a gabana ba.

Baba ya daina zuwa kanti, ni yake aika.

Maganar sa hannu ba zan yanke maka hukunci ba, ban tsaya inda ka tsaya ba, ban ga sauran arba'in da ɗayan ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ka mai da ni mai kai ƙarya. Da gudu na kai ta, ko gyale babu. Juma'a ashirin da biyar tsohuwar nan ta yi a mararraba saboda abin da na karanta mata da bakina. Da ka rubuta gaskiya a layin da almakashi ba zai taɓa ba, da ta yi fushinta ta gama tun bazara.

Ka ci abinci. Rubutunka ya canza, layukan suna gangarawa.

Nonie


Asibitin soja, Calcutta
18 ga Fabrairu, 1945

Yaya Nonie,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Duk abin da kika faɗa na karɓa, ban da abin ƙarawa.

Kin ga daidai game da rubutun. Wannan karon ni ne a kan gado. Zazzaɓin ya kama ni sau uku tun Nuwamba. Watan jiya ina tsakiyar ɗinke wani mutum almakashi ya suɓuce daga hannuna, na sunkuya in ɗauka na kasa miƙewa. Aka kawo ni nan.

Shekaranjiya wani tsohon likita ɗan Scotland ya zo ya danna cikina ya ce, "Saifa ta kumbura. Shekara nawa ka yi a waje?" Na ce biyar da rabi. Ya ce, "Ya isa haka," ya jawo takarda. Kwanana shida ba zazzaɓi, Nonie. Na fi Packie ƙiba a ranar da ya tsaya gabana. Na buɗe baki in ce zan iya komawa, akwai likitoci biyu can suna aikin mutum uku. Ban ce ba. Na kwanta ina kallonsa ya sa hannu, kuma daɗi na ji. Na faɗa miki a layin da ba za a datse ba.

Jirgi zai tashi da mu wata mai zuwa, za a ajiye ni wani asibiti kusa da Liverpool, adireshin yana baya. Bayan nan ban sani ba. Akwai aiki a Ingila, likitoci sun yi ƙaranci, zan iya zama can babu wanda ya san ni. In zuwana Kilbrack zai ƙara wa Inna ciwo, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan zo ba. Ki karanta musu wannan ita da Packie in ya iso, kada ki tsallake komai.

Ƙanenki,
Fintan


Kilbrack
22 ga Afrilu, 1945

Fintan,

Da fatan ka sauka lafiya. Baba yana nan, ya tsufa a sanyin bana, amma ya shuka dankalinsa da kansa.

Packie ya iso farkon Maris da sanduna biyu. An ba shi ƙafar katako, ba ya iya sa ta. Yawanci yana zaune a ƙofar gida da lofe a baki, wani lokaci ya yi ta zuba kamar da, wani lokaci ya wuni bai ce uffan ba. Maganarka bai taɓa tayarwa ba, in wani ya tayar sai ya ce, "Kun je can ne?"

Na karanta musu wasiƙarka ranar Lahadi bayan coci, ban tsallake komai ba. Da na kai wurin saifa Packie ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ta daina daɗin ji. Ya share ido ya ce, "Ashe saifar Manjo ta fi ta kurtu daraja." Can kuma ya ce, "Ki ce masa kada ya yi wauta. Wanda aka ba ƙofa ya fita. Ni ma da fita zan yi."

Inna tana feren dankali, ba ta ɗago ba. Na jira har na gaji, na ce, "Inna, me zan rubuta masa? Ya zo ko ya zauna can?"

Ta ce, "Ni ba zan je tarbarsa ba. In ya shigo gidan nan kada ya sa ran zan yi masa magana, ban san ranar da zan iya ba." Ta jefa dankalin cikin tukunya. "Amma dungun ƙafar yaron nan yana ruwa tun da ya zo. Likitan Ennis sau biyu yana dubawa, bai san kansa ba. Wanda ya yanke shi ya san abin da ya bari a ciki. Ya zo ya duba aikinsa."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Na gyara maka ɗakin baya. Kada ka zo da kakin, ka sayi riga a Liverpool. Ka taho da jakar aikinka da bandeji mai yawa, nan ba a samu.

Yayarka,
Nonie